Idan Shafi Ya Ƙi Buɗewa Bayan An Dawo Da Wuta

Wannan na ƙannenmu ne masu kula da sabar Ubuntu a makarantu da shagunan Katsina. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, kamar birninmu take, kowace hidima da ƙofarta mai lamba (port), yadda mai zuwa Ƙofar Ƙaura ba ya bi ta Ƙofar Marusa.

1. Shiga da ssh, hanyar shiga saba daga wata kwamfuta, ƙofarsa 22 ce.

2. Rubuta sudo ss -tlnp. Zai jero ƙofofin da ke buɗe. Nemi 80 da 443, ta nan shafi ke fita.

3. In babu su, duba systemctl status nginx, don ganin halin nginx, manhajar da ke fitar da shafin. Ya tsaya? Kada ka yi gaggawar tada shi, ƙanena. Fara karanta ƙarshen /var/log/nginx/error.log da umarnin tail. Nan yake faɗin abin da ke damunsa, har da lambar layin da aka yi kuskure. Na taɓa kwana ina nema, ashe alamar ; (semicolon) guda ɗaya ce ta ɓace.

4. Gyara yana cikin /etc/nginx. Kwafi fayil da cp kafin ka taɓa shi, don Allah.

5. Gwada gyaran da sudo nginx -t, in babu kuskure sai ka sake tada shi da sudo systemctl restart nginx.

6. Har yanzu shiru? Duba sudo ufw status, wataƙila katangar tsaro ce ta rufe 80.