Kurakuran da malaman harshe ke yi wajen kiran sunan ɗalibi

Malamin Turanci ko Faransanci yakan shiga aji da rajista a hannu, kuma daga rajistar nan kuskure ke farawa. Sau da yawa sunan uba ne a gaba, na yaro a baya. Sai ka ji malam ya ɗaga murya, "Musa, tashi ki karanta!", alhali Musa mahaifin yarinyar ne, ita sunanta Hauwa. A gidan Bahaushe yaro ba ya kama sunan mahaifinsa gatsal, balle a riƙa jifan sa da shi a gaban 'yan aji. Wanda kunya ta rufe kuwa ba zai buɗe baki ya gwada baƙon harshe ba. Maganin ba wuya: ranar farko ka bi su ɗaya bayan ɗaya, "Da wane suna ake kiran ki?", ka rubuta da fensir a gefen rajista.

A makarantun unguwannin Kaduna irin su Tudun Wada ko Rigasa, aji ɗaya zai iya tara A'isha huɗu da Muhammadu shida. Malalacin malami sai ya raɗa musu "A'isha baƙa", "A'isha gajera", laƙabin ya bi yarinya har ta gama makaranta. Ai gida ya riga ya raba gardama. Akwai Ummi, akwai Humaira, Muhammadun nan kuma wani Auwal ne, wani Sani, wani Salisu. Tambaya kawai za ka yi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na wajen Barnawa da Sabon Tasha, inda Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarabawa ke zama benci ɗaya da Hausawa. Malam ya kwashe zango guda yana matsa wa yara su fitar da sautin Turanci daidai, amma ya ce wa yaro sunansa ya yi wuya, ya gutsure shi. Ka ce ya faɗa a hankali, ka maimaita har sai ya gyaɗa kai. Idan aji ya yi maka dariya, madalla, sun ga malam ma yana tuntuɓe.

Masu raba wa yara sunayen Faransawa kuma, a bar wannan sai lokacin wasan kwaikwayo. Ba kowane uba ne zai ji daɗi ɗansa ya dawo gida da sunan Pierre ba.

Sai wurin da ake sa sunan. Idan ka ce "Talatu" kafin tambaya, sauran sun tafi hutu. Yi tambayar, ka ɗan dakata, sannan ka kira. Ka kuma lura da na bayan aji waɗanda ba sa jin sunansu sai sun yi surutu. Gobe ka nemo ɗayansu da tambaya mai sauƙi, in ya amsa ka ce, "Yauwa Ɗanladi, haka ne."