Darasi na 9: Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu

Ranar awo, a gidan likitan unguwa nan garin Tawa, wata mata ta kwance bakin zanenta ta fito da katin ƙwaya. Maƙwabciyarta ce ta ba ta. Ta ce wa ungozoma, "Malama, in sha?"

Ungozoma ta ce, "Yaya, miƙo hannunki tukuna." Ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba. Sannan ta leƙa goyon da ke bayanta. "Watansa nawa?"

"Huɗu."

"To, wannan ba taki ba ce yanzu, tana iya rage miki nono. Akwai mai sinadari ɗaya ta masu shayarwa. Idan ya cika wata 6, ki dawo mu sake magana."

Katin da ke hannunta ƙwaya 28 ne. Guda 21 suna ɗauke da sinadari biyu, estrojin da projestin, masu kama da waɗanda jikin mace ke yi da kansa. Aikinsu hana ƙwai fita. Sauran 7 launinsu daban, a kwanakinsu ne al'ada ke zuwa. Tun 1960 aka fara shan irin wannan ƙwaya a Amurka, saboda haka likitoci sun daɗe da sanin halinta. Cikin mata 100 da ke sha kullum ba fashi, da wuya ɗaya ta yi ciki a shekara. Inda ake mantuwa kuwa, kusan 7 ke yi.

Akwai amfanin da ba a cika faɗa ba, shi ne kuma ya fi tsaya mini a rai. Mata nawa muka sani da ke daka, su ɗebo ruwa, jiri na ɗibarsu, cikin idonsu fari fat? Sau da yawa ƙarancin jini ne, kuma al'ada mai yawa tana ƙara shi. Wannan ƙwaya tana rage yawan jinin, ta rage kwanakinsa, ta sa ya zo kan lokaci. Ciwon mara yana sauƙi. Wadda a da take kwana biyu a dunƙule kan tabarma sai ta tashi ta kama sana'arta. Ga wasu ƙurajen fuska ma suna raguwa. Tana kuma rage haɗarin sankarar gidan ƙwai da ta cikin mahaifa, kuma wannan kariya tana daɗewa shekaru bayan an daina sha.

Ana cewa wai tana taruwa a ciki. Ba ta taruwa: narkewa take, jiki ya yi aiki da ita ya fitar, shi ya sa ake sha kowace rana. Ba ta kashe mahaifa. Mace na iya ɗaukar ciki da zarar ta bari.

A wata 3 na farko ana iya jin tashin zuciya, ciwon kai kaɗan, nauyin nono ko ɗigon jini. Yawanci suna wucewa, kuma sha bayan tuwon dare yana rage tashin zuciyar.

Amma ba kowa za ta sha ba, don estrojin na iya sa jini ya daskare a jijiya. Abin ba ya yawan faruwa, sai dai idan ya faru babba ne. Mai hawan jini, mai shekara 35 ko fiye da ke shan taba, wadda jini ya taɓa daskare mata, mai sankarar nono ko ciwon hanta mai tsanani, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, duk a nema musu wata hanya. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta faɗa wa ungozoma, wasunsu suna rage ƙarfin ƙwayar. Mai tallar magani a kasuwa ba zai tambaye ki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ƙirji ya riƙe, numfashi ya yi wuya, ko ido ya dushe da ciwon kai mai tsanani? A daina sha, a tafi likita a ranar. Maigida, kai ma ka riƙe waɗannan alamu.

Idan kin manta ɗaya, ki sha da kin tuna, ko da biyu za su haɗu a rana ɗaya. Idan kwana 3 suka wuce ba ki sha ba, ki ci gaba da sha, ku yi amfani da kwaroron roba har kwana 7. Shi ne kuma ke kare ku daga sida da cututtukan sanyi, ƙwaya ba ta yi. Da azumi, mayar da lokacin shanki bayan buɗa baki.

Aikin aji: malama za ta zagaya da katin ƙwaya. Kowa ya ƙirga masu launi ɗaya ya rubuta adadinsu, ya bi kibiyar da ke jikin katin da yatsa, sannan ya rubuta a allo lokacin da ya fi sauƙin tunawa a gidansa.