Jakar Kyamara: Yadda Za Ka Zaɓi Wadda Ba Za Ta Ci Maka Kafaɗa Ba

Mai ɗaukar hoton biki a Birnin Kebbi ko Gusau yakan fita tun ɗaurin aure da hantsi, ya bi ayarin ango zuwa walima, da la'asar ya wuce wajen kamu, ba zai sauke kaya ba sai bayan isha'i. Awa goma ke nan ko fiye da jaka a jikinsa. Da irin wannan yinin ake auna jaka. Wadda ka rataya minti biyu a shago babu komai a cikinta, ba ta nuna maka halinta ba tukuna.

Kafin ka taka kasuwa, nemi sikeli. Jera kayan da kake fita da su ranar aiki, ban da waɗanda ke kwana a situdiyo, ka auna. Kyamarar Canon 5D Mark IV da batirinta ta kusa giram 900. Lensi 24-70 f/2.8 ya kai giram 800, shi kuwa 70-200 f/2.8 kilo ɗaya da rabi ne shi kaɗai. Ƙara filash da batiransa huɗu, rabin kilo. Ka doshi kilo 4 ke nan, ba ka saka caja da batiran ko-ta-kwana da gorar ruwa ba, ba ka kuma lissafa jakar kanta ba, wadda idan mai kyau ce ta goyo takan yi kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan laftof ta shiga, ka wuce kilo 8. Wanda ke aiki da kyamarar Canon 700D da lensi 18-55 da ƙaramin lensi 50mm da filash ɗaya kuwa, duka kayansa ba su fi kilo ɗaya da rabi ba. Waɗannan mutum biyu bai kamata su sayi jaka iri ɗaya ba.

Jakar rataye, mai igiya ɗaya a kafaɗa, ita ta fi saurin ba da kaya: ka ɗaga murfi, ka zaro lensi, ba ka sauke ta ba. Amma iyakarta kilo 3 zuwa 4. Da ta wuce haka, kafaɗar da ke ɗauke da ita za ta riƙa ɗagawa sama ba da saninka ba don kada igiyar ta zame, jijiyar wuya ta ɗaure, da dare ciwon ya sauko har tsakanin allunan kafaɗa. Idan ita ka zaɓa, rataya ta a gicciye, igiyar ta ratsa ƙirji, kana sauya kafaɗa lokaci-lokaci. Akwai kuma mai igiya ɗaya da ake goyawa a baya, a juyo da ita gaba idan ana son buɗewa. Ta dace da kyamara ɗaya da lensi biyu. Akwati mai taya na filin jirgi ne da zauren taro mai tayil. A rairayin ƙauye ko filin idi, ɗaukarsa za ka koma yi a hannu.

Duk wanda kayansa suka haura kilo 4, jakar goyo ce tasa, kuma nan ne aikin zaɓe yake. Juya jakar ka fara duba bayanta kafin gabanta. Igiyoyin kafaɗa su kai faɗin yatsu uku zuwa huɗu, su ɗan lanƙwasa yadda za su kauce wa wuya da hammata. Matsa soson cikinsu da babban yatsa. Idan ya lotsa har ka ji yatsanka ta ɗaya gefen, wata biyu zai yi ya mutu, igiyar ta koma tana yanka. Soso mai ɗan tauri da ke dawowa nan take shi ake nema, ko da a shago mai laushin ya fi daɗin taɓawa.

Bel ɗin ƙugu shi ne abin da aka fi rainawa, har wasu kan yanke shi su yar don yana reto. Shi ne kuwa ke sauke mafi yawan nauyin daga kafaɗa ya ɗora wa ƙugu da ƙafafu, waɗanda aka halitta don ɗaukar kaya. Sai dai siririn bel mai kama da igiyar wando ba ya wannan aikin. Sai mai faɗi, mai soso, wanda zai zauna daidai kan ƙashin kwankwaso. Ba kuma zai zauna can ba sai tsawon jakar ya dace da gadon bayanka. Ga yadda ake aunawa: sunkuyar da kai, ka lalubo ƙashin da ya fi tasowa a gindin wuya, wani ya ja tef ɗin tela daga nan zuwa daidai saman ƙashin kwankwaso. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin santimita 40 da 55. Dogon mutum da ya sayi gajeriyar jaka, bel ɗin a kan cibiya zai tsaya, ya matse ciki kawai, nauyin na nan a kafaɗa. Gajere kuma da doguwar jaka, gindinta zai riƙa bugun sa duk taku. Akwai ƙaramar igiya da ke haɗa na kafaɗa biyu a ƙirji; ita ke hana su buɗewa gefe idan ka ɗaga hannu za ka ɗauki hoto, don haka kada ka sayi jakar da ba ta da ita.

Je shago da kayanka, ko aƙalla da robobin ruwa da suka kai nauyinsu, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Loda jakar, ka goya, ka fara ɗaure bel ɗin ƙugu, sannan ka ja na kafaɗa har jakar ta manne da baya, na ƙirji a ƙarshe. Yi tafiyar minti goma, ka tsuguna, ka tashi, ka ɗaga hannuwa kamar kana ɗaukar hoto. Idan yatsa yana iya shiga tsakanin igiya da saman kafaɗarka ba tare da wahala ba, nauyin ya koma ƙugu, an dace. Mai shagon da ya hana wannan gwaji, a bar masa jakarsa.

Sai zancen zufa. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 daga Argungu har Ƙauran Namoda, jakar da bayanta shafe yake kuwa za ta jiƙa maka riga kafin azahar. Nemi mai tudun soso biyu ko uku a baya da kwari a tsakaninsu, an rufe da raga, don iska ta riƙa ratsawa. Baƙar jaka tana zuƙar rana fiye da ruwan toka ko ruwan ƙasa. Cikinta kuma gara mai haske, don baƙin murfin lensi da katin memori ɓacewa suke a baƙin ciki idan dare ya yi.

A yankinmu ƙura ta fi ruwa yi wa kyamara ɓarna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, ranar hawan Sallah kuma kofaton dawaki ne ke tayar da ita, ga hanyoyin burji duk shekara. Jakar da murfinta kifawa kawai ake yi a maƙale da maɓalli tana barin kusurwoyi a buɗe, ta nan ƙurar ke shiga ta kwanta a zoben lensi, daga baya ta kai ga sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke kama hoton. Zif ya zagaye bakin jakar gaba ɗaya, da leɓen yadi da ya rufe shi. Duba kan zif ɗin. Masu tambarin YKK sun fi jure rairayi, kuma manyan haƙora sun fi ƙanana ƙarko. Jakar da ke buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayanka ta fi, saboda dalili biyu: a cunkoson kasuwa ko filin biki babu mai zuge ta kana goye da ita, sannan idan ka ajiye ta ƙasa za ka buɗe, gabanta ne ke taɓa ƙasa, igiyoyin da za su koma kan farar rigarka suna sama. Rigar ruwan da ke zuwa da jaka, wadda yawanci take ɓoye a aljihun gindi, ba ta damina kaɗai ba ce. Saka mata ita duk lokacin da za ka hau kabu-kabu a hanyar ƙura.

A kan babur, goya jakar za ka yi. Idan aka ɗaure ta a kariya ko aka ɗora kan tanki, duk ramin da aka faɗa kai tsaye yake isa ga gilasan lensi, alhali jikinka yana shanye girgizar. A motar haya ma, ɗora ta a cinya, kada ta shiga but a danne ta da buhuna. Kada ka bar ta cikin motar da aka rufe a rana, don zafin ciki yakan haura digiri 60, batir kuwa ba ya son haka. Jakar da ba ta da babban tambarin kamfanin kyamara a jiki ta fi kwanciyar hankali a doguwar tafiya, kuma wadda ke buɗewa gaba ɗaya a ga komai a kallo ɗaya tana rage ɓata lokaci a shingen bincike.

Cikin jaka, soson gindi ya kai kaurin santimita 2, don ta nan take cin bugu duk lokacin da aka dire ta. Shingayen da ke raba ɗakuna su zama masu cirewa, su riƙe kowane abu yadda ba zai yi motsi ba. Girgiza jakar, idan ka ji ƙara, gyara su. Lensi 70-200 tsawonsa kusan santimita 20 ne, idan yana jikin kyamara kuma ya kusa 28, don haka auna zurfin jakar da tef kafin ka biya. Mafi nauyi a sa shi tsakiya, kusa da gadon baya, marasa nauyi su koma gefe da aljihun waje. Sandar kyamara mai ƙafa uku idan ta hau gefe ɗaya, gorar ruwa ta hau ɗayan don kada jakar ta karkace. Ledar fiya wata ba ta shiga ɗaki ɗaya da kyamara ko da na minti biyar ne.

Wanda zai je kamun kifi na Argungu a bakin Matan Fada, ko bikin Rigata a Yawuri inda ake shiga kwalekwale, ya sani rigar ruwa yayyafi da feshi take tarewa, ba ta hana komai idan jaka ta faɗa kogi. Sai jakar roba da ake naɗe bakinta sau uku a maƙale, a saka kayan da ba a aiki da su a ciki. Da damina kuma, laima ce ke kawo fumfuna cikin gilashin lensi. Zuba ƙulli huɗu ko biyar na ƙwayoyin nan masu tsotse laima, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Idan jaka ta jiƙe, kwashe kayan, ka buɗe ta a inuwa har ta bushe sarai.

Lowepro da Think Tank da Vanguard da Manfrotto sunaye ne da aka sani a jakunkunan kyamara, amma jabunsu sun yi yawa, kuma ta gwanjo mai asali takan fi sabuwar jabu daɗewa. Wurin da jabu ke fara tonuwa shi ne inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jikin jaka. Ja shi da ƙarfi: ɗinkin ya zama mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, ko an maimaita shi sau da yawa a wuri ɗaya. Idan layi ɗaya ne kawai amma sauran jakar ta yi maka, kai wa baduku ya ƙara ɗinki da zaren lailon kafin ka fara loda mata kaya. Zif ɗin da ya fara cijewa kuma, kakkaɓe rairayin da tsohon buroshin haƙori, ka goga masa kyandir. Kada ka sa mai, don mai ƙura yake kamawa.