Kafin ka sallami yaron shagonka, gwada wannan tukuna

Salamu alaikum jama'a. Maganar nan ta masu yara a hannunsu ce, ko tela ne kai a Aboabo nan Kumasi kamar ni, ko fita, wato makanike, a Suame Magazin, ko hajiya mai shago a Kejetia. Muna saurin cewa yaron nan ba ya ji, mu sallame shi mu ɗauko wani, bayan wata uku shi ma ba ya ji, kuma wallahi abin yana ci mini rai don yaran Zango ne, ƴaƴan maƙwabtanmu, in sun bar shago sai zaman bakin hanya.

Fara da raba mutum da halin da yake ciki. Kurt Lewin, wani masanin halayyar ɗan adam da ya bar Jamus ya koma Amurka a 1933, ya rubuta a 1936 cewa abin da mutum ke aikatawa abu biyu ne ke haifar da shi, shi kansa da kuma wurin da ya tsinci kansa. A 1977 Lee Ross na jami'ar Stanford ya yi bayani a kan kuskuren da muke yi kullum, wato mu ɗora laifi kan halin mutum mu manta da abin da ya kewaye shi. Laifi tudu ne, in mu muka makara mu ce ruwan sama ne ko trafik, in yaro ne mu ce lalaci. To ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya ka rubuta abin da kake ganin halinsa ne, ɗaya gefen abin da yake fama da shi, gida, abinci, hanya, keken ɗinkin da ka ba shi. In gefe na biyu ya zauna fayau, ba ka san yaron ba tukuna.

Yadda za ka cika shi kuwa akwai dabarar kamfanin Toyota na Japan, wadda Taiichi Ohno ya yaɗa, ka tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin ka yarda ka kai tushe. Amma fa su a kan inji suka fi yinta, yaro kuma yana da kunya, in ka tsare shi gaban sauran yara ka jero tambayoyi kamar ɗan sanda ba abin da za ka ji sai "ba komai masta". Ka raba tambayoyin a kwanaki, ku biyu kawai, ko da safe kuna shan koko da ƙosai.

Na yi da wani yarona gab da ƙaramar salla, lokacin da ɗinki ya yi mana yawa shi kuma sai ƙarfe tara yake shigowa. Me ya sa kake makara? Da ƙafa yake tahowa daga Sawaba. Ina kuɗin trotro, wato motar haya, da nake ba ka? Ya yi shiru, sai bayan kwana biyu ya ce "masta, maganin kakata nake saya da shi". Ina manyan gidan? Babu, su biyu ne, shi ke ɗebo ruwa ya dafa mata abin karyawa kafin ya fito. Ban ma kai ta biyar ba. Na mayar da lokacinsa ƙarfe tara zuwa isha'i, na yi wa limamin layinsu maganar magani.

Sannan ka binciki kanka. A 1960 Peter Wason a Ingila ya ba mutane lambobi 2, 4, 6 ya ce su gano ƙa'idar da aka bi wajen jera su, yawancinsu sai suka riƙa gwada abin da zai gaskata zatonsu kawai. Haka muke. Saboda haka ka ware mako guda kana rubuta duk ranar da yaron ya yi abin da ya saɓa wa zatonka, ko aljihu ɗaya ne ya ɗinka da kyau.

Kuɗi ma a yi maganarsu. Frederick Herzberg ya yi hira da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a Pittsburgh, ya fitar da sakamako a 1959, cewa albashi da yanayin wurin aiki suna hana ɓacin rai ne, abin da ke sa mutum son aiki kuwa shi ne yabo da amana da ganin yana gaba. Ni a ganina a nan mastoci muka fi gazawa, shekara biyu yaro yana guga da sa maɓalli bai taɓa riƙe almakashi ba. Ba shi kuɗin abincinsa a kan lokaci, sannan ka miƙa masa yadi mai araha ya yanka riga da kansa, in ta yi kyau ka faɗa a gaban kastoma.

In ka yi duk wannan wata guda ba canji, kira wanda ya kawo maka shi, uba ne ko kawu, ku zauna ku uku, ka buɗe takardar nan gefe biyu ka karanta musu, ku sa ranar da za ku sake zama.