Kurakuran da aka fi yi wajen shirya ɗakin na'urorin intanet a Kebbi

Makarantu da asibitoci da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri suna kashe kuɗi sosai wajen sayen rauta (mai rarraba intanet) da suwic (mai haɗa kwamfutoci da waya) da saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita), amma ɗakin da za a ajiye su sai a ƙarshe ake tunawa da shi. Da yawa daga na'urorin da ake zargin jabu ne, ɗakin ne ya kashe su.

Zafi ne kan gaba. Sau da yawa sito ake sharewa, ƙarƙashin kwano, ba silin, a ce nan za su zauna tunda ba mai shiga. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa, cikin irin wannan sito kuwa ya fi haka. Abin da masana ke so a ɗakin saba shi ne digiri 18 zuwa 27, kuma ƙananan suwic da yawa iyakarsu 40. Alamar a fili take: da azahar fanka ta kama ƙugi, intanet ya yi nauyi, na'ura ta mutu ta sake tashi da kanta. Masu cibiyoyin JAMB su fi kowa lura, don jarrabawar kan faɗo ne a tsakiyar bazara. A zaɓi ɗakin da bangonsa ba ya shan ranar yamma, a yi masa silin, a sa na'urar sanyaya ɗaki. In ba hali, a sa fanka mai fitar da iska can sama kusa da rufi. Yawancin na'urori ta gaba suke shaƙar iska su fitar ta baya, don haka kada a manna akwatin ƙarfen da ake jera su ciki da bango, kada kuma a jibga su ɗaya kan ɗaya. Ma'aunin zafi na bango ba shi da tsada, a rataya shi.

Batir ya fi kowa shan wahala a nan. Batirin dalma na inbata da UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke) an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi. Shi ya sa ake ta canza batir ana zagin mai shago. Batiran da ake zuba wa ruwa kuma suna fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji, saboda haka wurinsu daban, mai iska. Janareta ma a nisanta shi, hayaƙinsa da girgizarsa ba su da amfani ga na'ura.

Sai ƙurar hunturu. Wanda ya taɓa buɗe suwic a watan Fabrairu ya san abin da nake nufi: ƙura ta daskare a fukafukan fanka, ramukan iska sun toshe kamar an shafa musu laka. Mutane kan buɗe taga don maganin zafi, sai su gayyato ƙura. A toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, a daina sharar tsintsiya a ɗakin, a riƙa goge ƙasa da tsumma mai laima, a hure na'urori kafin bazara ta shigo. Bushewar iskar hunturu kuma tana tara wannan ɗan lantarkin da ke tsunkule yatsa idan an taɓa ƙarfe, kuma ya isa ya ƙona allon lantarkin da ke cikin na'ura. Mai gyara ya fara taɓa ƙarfen akwatin kafin ya sa hannu ciki.

Ruwa ba sai ambaliya irin ta 2020 ba. Ɗigon na'urar sanyaya ɗaki da aka kafa daidai saman akwati, ko bututun banɗakin bene, ya wadatar. A garuruwan bakin kogi da fadama, a ɗaga komai daga ƙasa, a kafe a bango, amma a bar wa iska hanyar fita ta baya.

Kuskuren da ya fi ɗaga mini hankali shi ne kafa dogon ƙarfen eriya ba tare da maganin tsawa ba. Aradu ɗaya a farkon damina tana iya biyo waya ta cinye duk abin da ke ɗakin. Sandar jan ƙarfen da ake binnewa don ta kai aradu cikin ƙasa ba ta aiki sosai a busasshen yashi, don haka a zurfafa ta, a ƙara wata in ta kama, kuma mai wayarin ya auna ta da na'urar awo a gabanka tun da rani. Tsakanin gini da gini a ja wayar faiba (ta zaren gilashi, mai kai saƙo da haske), ita lantarki ba ya bin ta, balle ma wayar intanet ta jan ƙarfe ba ta kai saƙo fiye da mita 100.

Ɓera da ƙadangare da gara kuwa, a saka wayoyi cikin bututu, a liƙe duk ramin da waya ta ratsa bango, a hana cin abinci a ɗakin.