Yadda ake tsara lokutan ranar biki don hoto ya fita

Abu biyu ne ba sa jiran kowa ranar biki: rana da lokacin salla. Mai kwalliya za ta iya ƙara minti talatin, mai kiɗa zai iya zama ya jira, masu abinci ma haka, amma da zarar an kira magariba an rufe babin hoton waje sai gobe. Saboda haka duk mai rubuta jadawalin biki ya fara da sa waɗannan biyun a takarda, sannan ya jera sauran abubuwa a tsakaninsu. Yawanci akasin haka ake yi. A zaɓi lokacin dina, a buga kati, sai ana saura kwana biyu a kira mai hoto a ce ya zo ya yi abin da zai iya.

A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba da Disamba, a Yuni da Yuli kuma sai kusan ƙarfe 7. Agogo ɗaya ake amfani da shi daga Sakkwato har Maiduguri, amma rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, don haka kada a ari jadawalin wani gari a ɗora wa wani. A duba lokacin magariba na garin da za a yi bikin, na wannan ranar. Haske mafi kyau ga fuska shi ne na awa ɗayan da ke kafin magariba, lokacin da rana ta yi ƙasa, ta daina dukan ka, tana shigowa ta gefe. A ƙasarmu wannan haske gajere ne ƙwarai. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana faɗuwar tsaye take yi, kuma bayan ta ɓace abin da ya rage kafin duhu bai wuce minti ashirin da ɗoriya ba. Idan lokacin hunturu ne ga hazo, sai a rage minti ashirin zuwa talatin a lissafin, domin ƙura tana haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba. Hazo maras kauri yana da nasa amfanin, yana tausasa haske, sai dai sama takan fito fari fat, shi ya sa gogaggen mai hoto ke sa bango ko itatuwa a bayan mutane maimakon sararin sama.

To, wannan awa ɗayan ita ce ya kamata a ware wa amarya da ango, a tsare ta kamar yadda ake tsare kuɗin sadaki. A watan Disamba a Kano, ke nan daga 4:45 zuwa 5:40, bayan an idar da la'asar. Ba a sa kamu a cikinta, ba a sa tafiyar mota, ba a sa gaisuwar surukai.

Ɗaurin aure

Akasari ana ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ko ranar Asabar da hantsi, ko bayan azahar. Duk waɗannan lokuta ne da rana take tsaka ko ta kusa, kuma babu hasken da ya fi shi ɓata hoto. Rana daga sama tana zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, goshi ya yi ƙyalli da gumi, kowa ya runtse ido. Ga kuma farar shadda. Babbar riga fara a tsakar rana tana mayar da haske fiye da abin da kyamara za ta iya ɗauka tare da baƙar fata: in an daidaita don fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari, in an daidaita don aikin ya fito, fuska ta yi duhu. Maganinsa inuwa. Tun kwana ɗaya kafin ranar a je a duba wurin a daidai wannan lokaci, a nemo gefen gini ko ƙarƙashin baranda inda inuwa take shimfiɗe ba ratsi. Gindin darbejiya ba ya yi sai in ganyensa ya yi duhu sosai, don hasken da ke ratsowa yana yi wa fuska dabbare-dabbare. A guji rumfa ja ko shuɗiya ko koriya, launinta yana sauka a kan fata da fararen kaya, kuma cire shi a kwamfuta aiki ne ja. Farar rumfa ce ta hoto.

Shi ɗaurin auren kansa gajere ne. Daga neman aure da wakilin ango zai yi, zuwa bayarwar waliyyi, miƙa sadaki, shaida da addu'a, sau da yawa minti goma zuwa sha biyar an shafa fatiha. Kuma limamai da dattawa su ne masu cika alkawarin lokaci a duk hidimar. Wani lokaci ma aure uku ko huɗu ake ɗaurawa a zama ɗaya. Mai hoto ya iso da minti arba'in a hannu, a nuna masa waliyyi da wakili da fuska, a gaya masa na nawa ne naku a layi. A nemi izinin liman tun kafin ranar, don akwai masallatan da ba a yarda a ɗauki hoto a cikinsu, akwai waɗanda suka yarda amma ban da fitilar kyamara.

Da an shafa, jama'a sukan yi wa ango caa, kuma cikin minti goma manyan baƙi sun fara shiga mota. Idan ana son hoto da iyaye da dattawa, nan take za a yi shi, su ne farko. Abokai su bari sai ƙarshe, ba inda za su.

Lissafin kwalliya daga baya ake faro shi

Nan ne yawancin jadawali ke karyewa. Kwalliyar amarya ta biki tana cin awa ɗaya da rabi. Ɗaurin ɗankwali ko ashoke minti ashirin zuwa talatin, har da kwancewa a sake in bai zauna ba. Sa kaya, musamman doguwar riga mai igiya a baya, da sarƙa da awarwaro da mayafi, wani minti talatin ɗin. Sannan mai hoto yana buƙatar minti ashirin da ita ita kaɗai a ɗaki kafin a fita. An doshi awa uku ke nan. Idan ana son ta tsaya gaban kyamara a waje ƙarfe 4:45, kuma akwai tafiyar minti talatin a mota, to ta zauna a kujerar kwalliya ƙarfe 12:30, ba ƙarfe 2 ba. Rarar da ta rage ta abin da ba a zata ba ce: zif ya ɓalle, an bar ɗan kunne a wani gida, tela bai aiko da mayafi ba. Kafin ta zauna ta ci abinci ta yi alwala, a kuma tsara inda azahar da la'asar za su faɗa, don kada a zo ana jayayya a kan goge fuska bayan an gama aiki.

Ƙawaye fa? Kowacce minti talatin zuwa arba'in. Ƙawaye shida a hannun mai kwalliya ɗaya awa uku ne zuwa huɗu, kuma in aka bar amarya a ƙarshe duk jinkirin kowa a kanta zai taru. Ko dai a ɗauko mata tata mai kwalliyar daban, ko a yi mata a tsakiya, sai a ɗan gyara mata hoda da jan baki dab da fita.

Lalle ba aikin ranar ba ne. A yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ja ya samu ya nuna, baƙi ya bushe ba ya shafar kaya. Haka dilka da halawa, a gama su da wuri, don fatar da aka murza jiya takan yi ja ko ta fito da ƙuraje.

Ɗakin da za a shirya amarya a zaɓi mai babbar taga. A ajiye kujerarta tana fuskantar tagar, a kashe ƙwan ɗaki in launinsa rawaya ne, domin haɗuwar hasken taga da na ƙwai yana raba fuska gida biyu, gefe shuɗi gefe rawaya. A kwashe ledoji, robobin ruwa da akwatuna zuwa kusurwa ɗaya. Takalmi, sarƙa, zobe, turare da katin gayyata a tara su cikin tire ɗaya, mai hoto ya ɗauke su yayin da ake kwalliya, ba sai an tsayar da kowa ba. Turaren wuta a dakata da shi har a gama. Hayaƙinsa a ɗaki rufaffe yana dusashe hoto, musamman in an kunna fitilar kyamara. In damina ce kuma ɗakin akwai na'urar sanyaya ɗaki, gilashin kyamara zai yi raɓa da an fita waje cikin laima, sai an ba shi minti goma ya washe. A sa wannan ma a lissafi, a kuma tanadi baranda ko zaure mai haske da za a koma in hadari ya taso, don a watan Agusta ruwan yamma ba baƙo ba ne.

Hoton dangi

Kowane rukuni yana cin kamar minti uku, babba kuma minti biyar ko fiye, yawancinsu wajen neman wanda ya je amsa waya. Rukuni goma sha biyu ya isa, kuma zai ci kusan minti arba'in da biyar. A rubuta su a takarda da suna: iyayen amarya, iyayen ango, kakanni, gwaggwanni, kawunnai, 'yan ɗaki ɗaya, masu anko. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya a zauna a yanke tun da wuri wa zai tsaya kusa da wa, wace uwa ce za ta fara shiga. Ba mai hoto ne zai warware wannan a gaban jama'a ba. Kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya da ya san dangi, mai murya, wanda ake jin nauyinsa, ya riƙe takardar yana kira. A fara da tsofaffi da masu goyo a sallame su. A fara da babban rukuni ana rage mutane, ya fi sauri a kan a fara da kaɗan ana ƙarawa.

Akwai matan da ba sa so a ɗauke su, akwai gidajen da namiji ba ya shiga. A tambaya tun farko. In haka ne a nemi mace mai ɗaukar hoto ta riƙe cikin gida, namiji ya riƙe wajen maza. Ko ba wannan dalilin, bikin da ake ɗaurin aure a wani wuri amarya tana shiri a wani wuri yana buƙatar mutum biyu.

Kamu da dina

Kamu ana rubuta shi ƙarfe 4, a fara shi 5:30, a buɗe fuskar amarya ana kiran magariba. Buɗe fuskar nan daƙiƙa kaɗan ce, ba a maimaita ta, kuma a lokacin ne mata ke taruwa su zagaye ta da wayoyi a sama. A gaya wa mai gabatarwa ya sanar minti biyu kafin nan, a bar wa mai hoto fili taku uku a gabanta. Cinikin da ƙawaye ke yi da dangin ango a ƙayyade masa lokaci, minti goma ya wadatar. Mafi sauƙi dai a raba kamu da ranar hoton amarya da ango.

A zauren dina matsalar fitilu ce. Masu ado suna son shuɗi da shunayya da ja masu juyawa, a ido suna da kyau, a hoto kuma sai fuskar amarya ta koma launin da ba nata ba. A yi magana da mai fitilu: lokacin shigowa, yanka kek da rawar farko, farin haske tsayayye a kan ma'aurata, masu launi su koma bango. Hayaƙin da ake saki a ƙasa kada ya wuce gwiwa. Mai hoto da mai bidiyo su shiga zauren awa ɗaya kafin baƙi, su gwada haske, su ɗauki adon wurin tun ba a taɓa shi ba, su kuma raba wurin tsayuwa don kada su riƙa faɗawa cikin hoton juna. A tambayi masu zaure ko inji zai yi aiki tun daga farko. Sauyawa daga wutar gari zuwa inji a tsakiyar shigowar amarya duhun minti ɗaya ne da ba a fansarsa. Muhimman abubuwa a jera su cikin awa ɗaya da rabi na farko, kafin kwalliya ta narke, ɗauri ya karkace. In za a canza kaya, minti talatin ne, ko da an ce biyar.

Wani abu game da liƙi: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, kuma hukuncin ya haɗa da ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira dubu 50. Bidiyon da aka ɗora a Instagram shi ne shaida. A tanadi kwano ko tire, a kuma faɗa wa mai bidiyo abin da ba a so ya fita.

Kai amarya yakan kasance bayan isha'i, cikin ɗaki cike da mata, amarya a lulluɓe tana kuka, iyaye suna nasiha. Wasu gidajen suna son hoton wannan, wasu suna ganin ba hurumin kyamara ba ne. A yanke shawara kafin daren. In za a ɗauka, a kunna fitila ɗaya mai laushi a jingine ta tana haska silin, ba a riƙa walƙa wa tsofaffi haske a ido ba.

Duk wannan a rubuta shi a shafi ɗaya: lokaci, wuri, abin da za a yi, da lambar wanda ke kula da shi. A tura wa mai hoto, mai kwalliya, mai gabatarwa, direba da babban abokin ango mako ɗaya kafin biki. Lokacin tafiya a ninka shi biyu in ranar Juma'a ce, saboda titunan da ake rufewa kusa da masallatai, ko in jerin gwanon motoci za a yi. A yarjejeniya da mai hoto a fayyace awa nawa zai yi, nawa ne kuɗin ƙarin awa, hoto nawa zai gyara, yaushe zai kawo, da ko an yarda ya sa hoton amarya a shafinsa. A tambaye shi ko kyamararsa tana ajiye hoto a katin ajiya biyu a lokaci guda, ko yana da kyamara ta biyu da batira na ƙari, sannan a ce ya kwafe komai wuri biyu a daren kafin ya goge kati don taron gobe.