Wanke Jijiyar Haƙori: Yadda Ake Yin Aikin da Abin da Majiyyaci Zai Tarar

A yawancin gidajenmu, da zarar ciwon haƙori ya kai ga hana mutum barci, shawarar da ake fara ba shi ita ce ya je a cire haƙorin ya huta. Likitocin haƙori kuwa suna da wani aiki da ke ceto haƙorin da cuta ta riga ta shiga cikinsa ba tare da an tumɓuke shi ba, wato wanke jijiyar haƙori, wanda a asibiti ake kira rut kanal. Mutane da dama suna gudun aikin saboda labarin azabar da suka ji a bakin wasu, alhali galibin azabar da ake ba da labarinta ta ciwon da ya kai su asibiti ce, ba ta aikin likita ba.

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne kamar yadda ake gani. Farin ɓawon da ke sama shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan launin rawaya wanda bai kai shi ƙarfi ba, a can tsakiya kuma akwai ɗan kogo mai ɗauke da tsoka mai laushi wadda ta ƙunshi jijiyar jin zafi da ƙananan hanyoyin jini. Wannan tsoka tana gangarawa ta wasu siraran hanyoyi a cikin saiwar haƙori har zuwa ƙarshenta, inda take haɗuwa da ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba da fiƙa yawanci hanya ɗaya gare su, amma turame na da uku ko huɗu, kuma sau da yawa a lanƙwashe suke, shi ya sa aikin turmi ya fi ɗaukar lokaci kuma ya fi tsada.

Idan kogon da zaƙi ya haifar ya yi zurfi, ko haƙori ya tsage saboda tauna ƙashi ko tsakuwa a cikin shinkafa ko buɗe kwalbar lemo, ko kuma ya bugu a haɗarin babur, ƙwayoyin cuta suna samun hanyar kaiwa ga wannan tsoka, sai ta kumbura. Da yake tana kulle ne a cikin bango mai tauri, ba ta da wurin da za ta buɗa, wannan matsi ne ke kawo zugin da ke ƙaruwa idan mutum ya kwanta da dare. Alamomin da ke nuna cewa ciwon ya wuce na ciko su ne zafin da ke daɗewa bayan an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, da ciwon da ke tasowa haka kawai ba a ci komai ba, da jin zafi idan an tauna abu, da haƙorin da ya fara yin duhu, da kuma ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya ya lafa ya sake dawowa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Bayan kwanaki na azaba, sai wata rana ciwon ya ɗauke ɗif, mai shi ya ɗauka cewa maganin da ya sha ko wanda ya cusa a kogon ne ya yi aiki. Abin da ya fi yiwuwa shi ne jijiyar ce ta mutu, don haka babu abin da zai kai saƙon zafi, amma ƙwayoyin cutar suna nan suna hayayyafa a cikin mataccen nama, kuma a hankali za su fita ta ƙarshen saiwa su fara cin ƙashin da ke kewaye da ita. Kanumfari da kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi suna rage raɗaɗi na ɗan lokaci, babu laifi a yi amfani da su kafin a isa asibiti. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi kuwa ƙona naman yake yi, ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori kuma ganganci ne tsantsa. Haka nan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da ake saye a kemis ba sa warkar da wannan ciwo, domin jini ne ke kai magani inda ake buƙatarsa, jini kuwa ya daina shiga haƙorin da jijiyarsa ta mutu. Idan kumburi ya bazu zuwa ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, ko ya zo da zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, wannan ba batun jiran ranar ganin likita ba ne, sai a garzaya sashen gaggawa nan take, domin irin wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro.

Mataki na farko shi ne neman likitan haƙori na gaskiya. A Nijeriya, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke yi musu rajista, kuma manyan asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri suna da sassan haƙori da ke yin wannan aiki, baya ga asibitocin kuɗi. Wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita dukkan larurorin da yake da su, musamman ciwon sukari, da hawan jini, da sikila, da ciwon zuciya, da gyambon ciki, da duk maganin da yake sha, har da na tsinka jini da na gargajiya. Mai juna biyu ta faɗi watannin cikinta, kuma kada ta ce sai ta haihu, domin ana iya yin aikin da ciki, barin mugunya a jiki kuma ya fi aikin haɗari. Likita zai ƙwanƙwasa haƙorin, ya taɓa shi da abu mai sanyi don ya ga ko jijiyar na da rai, sannan ya ɗauki ɗan ƙaramin hoton eksire wanda zai nuna masa siffar saiwar da kuma ko ƙashi ya fara lalacewa. Ba kowane haƙori ne ke cetuwa ba: wanda saiwarsa ta tsage daga sama zuwa ƙasa, ko wanda ruɓa ta cinye shi har bai bar abin da za a gina a kai ba, ko wanda ciwon dasashi ya sa yake girgiɗi sosai, cirewa ce maganinsa, kuma likita nagari zai faɗi haka tun kafin a kashe kuɗi.

A wannan zama ne ya kamata a yi maganar kuɗi dalla-dalla. Majiyyaci ya tambaya sau nawa zai zo, kuma ko kuɗin da aka faɗa masa ya haɗa da ciko na dindindin da hular da za a sanya wa haƙorin, wato murfi mai tauri da ke rufe shi don kada ya fashe, domin a wurare da yawa daban ake lissafa su. Gaskiya ne cirewa ta fi araha a ranar da aka yi ta, amma giɓin da ta bari yana sa haƙoran gefe su karkato, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya zazzago, ƙashin wurin kuma ya janye, sannan dasa wani haƙori a gurbinsa ya fi wankin jijiya tsada nesa ba kusa ba.

A ranar aiki, gara mutum ya ci abinci kafin ya tafi, saboda bakinsa zai yi sa'o'i a mace bayan an gama. Likita zai fara da allurar kashe zafi a dasashi, mafi yawa lidokain, kuma idan haƙorin na ƙasa ne, rabin leɓe da gefen harshe za su yi nauyi kamar ba a jikin mutum suke ba. Turmin ƙasa da ke cikin tsananin kumburi wani lokaci yakan ƙi jin allurar farko, don haka duk wanda ya ji zafi ya ɗaga hannu a ƙara masa. Babu wata jarumta a daurewa, kuma likita ya fi yin aiki mai kyau a kan wanda hankalinsa ke kwance. Daga nan za a shimfiɗa wani siririn ƙyallen roba a baki wanda haƙorin kaɗai zai leƙo ta cikinsa. Wani likitan haƙori a birnin Niyok na Amurka mai suna Sanford Barnum ne ya ƙirƙiro wannan roba a 1864, kuma har yau ita ce ke hana yawu mai ɗauke da ƙwayoyin cuta shiga wurin aiki, ta kuma hana ƙananan kayan aiki da ruwan wanki faɗawa maƙogwaro. A ganina, amfani da ita yana daga cikin abubuwan da majiyyaci zai duba ya san hannun da ya faɗa.

Likita zai huda saman haƙorin da injin haƙa har ya kai ga kogon tsakiya, ya nemo bakin kowace hanya, sannan ya riƙa zura wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, daga mafi siranta zuwa mai ɗan kauri, yana kankare bangon hanyar yana fitar da ruɓaɓɓen nama. Yakan auna tsawon kowace hanya da wata 'yar na'ura mai ƙara ko da hoton eksire, domin kada wankin ya tsaya a rabi ko ya zarce ƙarshen saiwa. Tsakanin kowane ƙarfe da na gaba yakan wanke hanyar da wani ruwa, kuma idan majiyyaci ya ji warin bilic kada ya firgita, sinadari ɗaya ne da na wankin tufafi, sai dai an tsarma shi daidai da aikin, kuma shi ne ke narkar da ragowar nama ya kashe ƙwayoyin cutar da ƙarfe bai kai gare su ba. Abin da mutum zai ji a wannan lokaci shi ne dannawa da girgizar inji da gajiyar muƙamuƙi saboda daɗewa baki a buɗe, domin zama ɗaya yakan ɗauki sa'a guda zuwa sa'a ɗaya da rabi. Idan hanyoyin sun bushe sun yi tsabta, sai a cika su da wasu tsinkayen roba masu launin ruwan hoda da ake kira gataparca, waɗanda ake samu daga ƙaron wata bishiya ta yankin Maleshiya, tare da wani manne da ke toshe kowace kafa. Idan kuwa akwai mugunya mai yawa, likita yakan zuba magani a ciki ya toshe da ciko na wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Wannan dawowar ita ce inda aikin mutane da yawa ke lalacewa. Tun daga zama na farko ciwon ke tafiya, domin an riga an cire abin da ke zugi, sai majiyyaci ya ga babu dalilin sake biyan kuɗin mota da ɓata yini a layi. Cikon wucin gadi kuwa an yi shi ne don 'yan makonni kawai, daga nan sai ya fara zaizayewa, yawu ya sake shiga, cutar ta dawo cikin hanyoyin da aka wahala aka wanke. Barin haƙori a haka daidai yake da gina ɗaki a bar shi ba rufi har damina ta sauka. Bugu da ƙari, turmin da aka huda ya rasa wani kaso na ƙarfinsa, kuma idan ba a sanya masa hula ba, rana ɗaya zai iya darewa gida biyu a kan ƙashin nama ko gyaɗa, a ƙarshe a cire shi bayan an riga an kashe kuɗin cetonsa. Haƙorin gaba, wanda ba ya ɗaukar nauyin tauna sosai, sau da yawa ciko mai kyau ya ishe shi.

Bayan an koma gida, kada a ci komai sai leɓe da harshe sun farfaɗo, don kada mutum ya ciji kansa ko ya ƙone da shayi bai sani ba. Jin ɗan tsami ko zafi idan an tauna na kwana biyu zuwa uku abu ne da aka saba gani, kuma farasitamol da ibufurofen suna maganinsa, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada ya sha ibufurofen sai da izinin likita. A riƙa tauna ta ɗaya ɓangaren har a gama aikin, a ci gaba da goge baki da buroshi ko asuwaki kamar kullum. Idan ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko fuska ta kumbura, ko cikon ya fita, ko aka ji haƙorin yana riga sauran haɗuwa idan an rufe baki, a koma wurin likita ba tare da jiran ranar da ya bayar ba.

Akwai jita-jitar da ke yawo a intanet cewa haƙorin da aka wanke wa jijiya yana jawo cutar daji da wasu cututtuka a jiki. Asalinta wani bincike ne da wani likita mai suna Weston Price ya yi a farkon ƙarni na 20, wanda masu binciken da suka biyo baya suka gano kurakuransa suka yi watsi da shi tun tuni. Abin da aka tabbatar shi ne mafi yawan haƙoran da aka wanke da kyau aka kuma rufe su da kyau suna yin shekaru masu yawa suna aiki. Duk da haka, irin wannan haƙori yana iya ruɓewa kamar kowane, kuma tun da ba shi da jijiya, ba zai yi zafin da zai faɗakar da mai shi ba. Saboda haka likita yakan nemi a dawo bayan wata shida zuwa shekara guda a sake ɗaukar hoto, a ga ko ƙashin da ke ƙarshen saiwa yana cikowa, kuma idan bai ciko ba, ana iya buɗe haƙorin a sake wanke shi, ko a yi ɗan ƙaramin tiyata ta dasashi a yanke ƙarshen saiwar, kafin a kai ga maganar cirewa.